Yadda Ake Koyon Sauraron Waƙar Sujada

Ranar Lahadi mai jagorar sujada yakan kira lamba daga Littafin Waƙoƙi, jama'a su miƙe, a rera baiti huɗu da amshinsu, sannan a zauna. Da za a tsaya a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi, a tambayi masu fitowa abin da baiti na uku ya faɗa, da wuya a sami wanda zai ba da amsa ba tare da ya fara rera waƙar daga farko a zuciyarsa ba. Na sha yi wa mawaƙan da nake koyarwa wannan tambaya, kuma abin da na gane shi ne mutanenmu suna ƙaunar waƙa ƙwarai, sai dai ba a taɓa zaunar da su an nuna musu yadda ake sauraronta ba. Manzo Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 14:15 cewa zai yi waƙa da ruhunsa, zai kuma yi ta da hankalinsa, kuma wannan rabi na biyu, wato na hankali, abu ne da ake koya kamar yadda ake koyon noma ko ɗinki. Abin da za ka tanada kaɗan ne: waƙa guda ɗaya, takarda da biro, Littafi Mai Tsarki, da kamar minti goma sha biyar kowace rana har mako guda.

Ka zaɓi waƙar da ka daɗe da sani, irin wadda bakinka yake iya rerawa alhali hankalinka yana can wajen kuɗin makarantar yara, domin irinta ce sabo ya fi rufe wa mutum ido a kanta. Sabuwar waƙar da ta shigo wayarka jiya za ta iya jira.

A rana ta farko kada ka rera ta sam. Ka rubuta kalmominta da hannunka, baiti bayan baiti, sannan ka karanta su da ƙarfi kamar wasiƙar da wani ya aiko maka. Tambaya ta farko da za ka yi ita ce wa yake magana, kuma da wa yake magana. Wasu waƙoƙin addu'a ne, muna fuskantar Allah kai tsaye a cikinsu. Wasu kuma gargaɗi ne da koyarwa da muke yi wa juna, kamar yadda Kolosiyawa 3:16 da Afisawa 5:19 suka umarta, saboda haka mai rera su ya kamata ya san cewa da ɗan'uwan da ke kusa da shi yake magana. Akwai kuma waɗanda mutum yake yi wa ransa magana, kamar Zabura 103 inda mawaƙin yake umartar ransa ya yabi Ubangiji, ko Zabura 42 inda yake tambayar ransa dalilin karayarsa. Sau da yawa waƙa ɗaya takan juya daga wannan zuwa wancan a tsakiyarta, kuma wurin juyawar nan shi ne zuciyar waƙar. Ka ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayan haka ka zagaye duk kalmar da ba za ka iya bayyana wa yaro ɗan shekara goma ba. Wannan mataki yana da muhimmanci musamman a gare mu, domin da yawa daga cikin masu sujada da Hausa a Filato, Kudancin Kaduna, Bauchi, Gombe, Adamawa da Borno ba ita ce harshen uwarsu ba. Mutumin Berom ko Ngas, Bajju ko Atyap, Tangale ko Bura, ya koyi Hausar kasuwa da ta makwabtaka, amma Hausar littafin waƙoƙi tsohuwa ce, 'yar zamanin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 wadda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kafin a sake wata fassarar kusan shekara hamsin bayan haka. Kalmomi irin su fansa, kafara, barata, jinƙai, alheri da madawwami suna wucewa ta bakinmu kowane mako. Fansa, alal misali, kalma ce da Bahaushe ya sani tun zamanin bauta, wato biyan abin da za a saki bawa ko kamamme, kuma wanda ya san haka ba zai ƙara rera baitin da ke ɗauke da ita da sakaci ba. Idan ka rasa ma'anar wata kalma, ka je wurin dattijo ko wata tsohuwa a Zumuntar Mata ka ce, "Mama, mene ne wannan kalma take nufi?" Za ka dawo da ma'anar, galibi har da labarin wanda ya koya mata waƙar.

A rana ta biyu ka ɗora waƙar a kan Littafi Mai Tsarki. Ka nemi ayar da kowane baiti ya dogara a kai, ka rubuta ta a gefe. Tsofaffin waƙoƙi da yawa za ka tarar kowane layi yana da tushe, wasu ma labari ɗaya suke bi daga farko har ƙarshe. Amma za ka gamu da wasu, musamman cikin waɗanda suke tashe a yanzu, da in ka cire kiɗan ba abin da zai rage sai alkawarin mota da gida, da fatan maƙiyi ya faɗi ya mutu. Ina faɗin wannan da damuwa, domin na ga yadda waƙar habaici take shiga majami'a sanye da rigar yabo, mai rerawa yana ambaton maƙiya yana satar kallon wadda suka yi faɗa da ita ranar Alhamis. Wanda ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, a Matiyu 5:44, shi ne muke cewa muna yi wa waƙar. Abin da mutum ya rera sau ɗari yakan zauna a zuciyarsa fiye da wa'azin da ya ji sau ɗaya, don haka waƙar da ba ta tsaya a kan gaskiya ba, ta fi wa'azi marar kyau haɗari. Idan waƙarka ta kasa wannan gwaji, ka ajiye ta ka ɗauki wata.

Rana ta uku ita ce ta haɗa kalmomi da murya, kuma a nan ne zan fi daɗewa, domin abin da ke wurin na harshenmu ne. Hausa tana da karin sauti, wato tashi da faɗuwar murya a kan gaɓa, tana kuma da dogon wasali da gajere, kuma duka biyun suna sauya ma'ana. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kukan hawaye da kukar miya karin sauti ne ya raba su, haka ma wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Waƙar Hausa ta asali, rubutacciya ko ta baka, an gina ma'auninta a kan nauyin gaɓa, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Waƙoƙin Turawa kuwa an gina su a kan ƙidayar gaɓoɓi da inda ake danna murya. Shi ya sa a littattafansu ake ganin lambobi irin 8.6.8.6 ko 8.7.8.7 a saman waƙa, waɗanda suke nuna yawan gaɓoɓin kowane layi.

Da 'yan mishan suka zo, na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) waɗanda mutanensu na farko suka sauka Legas a 1893, da na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission) da suka fara aiki a Wase a 1904, da na Ikilisiyar 'Yan'uwa (Church of the Brethren) da suka yi sujadarsu ta farko a Garkida a 1923, sun taho da waƙoƙin ƙasashensu, na marubuta irin su Isaac Watts da Charles Wesley, suka zuba musu kalmomin Hausa a kan muryoyin da aka tsara don Ingilishi. Masu fassarar sun yi ƙoƙari gaɓoɓin su cika lissafi, amma muryar ba ta san dogon wasali ko gajere ba, ba ta kuma san inda Bahaushe yake ɗaga murya ba. Saboda haka ka yi wannan gwaji: ka faɗi layi ɗaya kamar kana magana da mutum, kana buga yatsa a tebur a kan kowace gaɓa, sannan ka rera shi. Ka lura da inda muryar ta ja gajeriyar gaɓa ta yi tsawo, da inda ta hau alhali maganar sauka take yi, da inda ta yanke kalma gida biyu don a ja numfashi. Za ka gane dalilin da ya sa wasu baitoci ba sa shiga kunne duk da yawan rera su.

Ba na faɗin haka don a raina waɗannan waƙoƙi. Su ne suka raka iyayenmu daga baftisma har kabari, kuma akwai baitoci a cikinsu da mai fassara ya dace, kalma da murya suka zauna daram kamar tare aka haife su. Sanin inda matsalar take yana taimaka wa mai rerawa ya gyara abin da zai iya: ya fito da baƙaƙe sosai, ya bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, ya ja numfashi a inda ma'ana ta tsaya maimakon inda layi ya ƙare, ya kuma rage gudu a wurin da kalma mai nauyi take. Daga nan sai ka kwatanta da waƙar da mata suka ƙirƙira da kansu a zumuntarsu. Ita wannan daga baki aka haife ta, muryarta tana bin sawun magana, shi ya sa yaro ɗan shekara biyar yake kama ta a ji biyu, tsohuwar da ba ta karatu kuma take riƙe labarin Yusufu ko na ɗa ɓatacce gaba ɗaya ta hanyarta. A ganina waɗannan mata sun yi wa ikilisiyar Arewa aikin koyarwa da har yanzu ba a yaba musu yadda ya kamata ba.

A rana ta huɗu ka koma ga kiɗa, ka rarraba shi. Kunnen da bai saba ba yakan ji komai a dunƙule, saboda haka ka saurari waƙa ɗaya sau uku ko huɗu, kowane karo kana bin abu ɗaya kaɗai. In ta Zumuntar Mata ce, ka fara da tulu, wanda ake buga bakinsa ya ba da amo mai zurfi, domin shi ne ƙasan da sauran suke takawa. Karo na biyu ka bi caki, wanda yake cike tsakanin bugu da bugu. Karo na uku ka bi ganga, ka ji inda take tafiya tare da tulu da inda take saɓa masa da gangan sannan ta dawo. Daga ƙarshe ka saurari mai ba da waƙa da 'yan amshi, ka lura da yadda gwanar jagora take shigowa tun amshi bai gama sauka ba, ta yadda waƙar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa. Wannan tsari na bayarwa da amsawa tsoho ne a sujada. Zabura 136 tana da aya 26, kuma kowace ɗaya tana ƙarewa da amshi guda a kan madawwamiyar ƙaunar Allah, a Fitowa 15 kuma Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki bandiri, mata suka bi ta da kiɗa da rawa tana ba su waƙa.

In kuwa waƙar ƙungiyar mawaƙa ce mai murya huɗu, wato sufurano, alto, tena da bas, daga mafi siranta zuwa mafi kauri, ka bar sufurano wadda kowa yake ji, ka bi alto daga farko har ƙarshe, sannan bas. Da farko za su riƙa ɓace maka, amma bayan 'yan kwanaki za ka fara jin inda muryoyin suke matsuwa da juna da inda suke warwarewa, kuma mai tsara waƙa nagari yakan ajiye matsuwar a kan kalmar wahala, warwarewar kuma a kan kalmar salama. Mawaƙanmu da yawa suna koyon waɗannan muryoyi da tsarin do, re, mi, wanda wani fasto a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa a ƙarni na 19 don talakawa su iya karanta waƙa. Tsarin yana da matakai bakwai, alhali yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakai biyar suke tafiya, irin waɗanda za ka ji in ka danna baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffi a ƙauye suke lanƙwasa wasu wurare a waƙoƙin littafi, suna tsallake fa da ti. Matashin da ya koyi kibod a birni yakan ɗauka kuskure suke yi, amma kunnensu ne yake mayar da baƙuwar murya 'yar gida, kuma ya fi kyau mai kiɗa ya bi su da ya yi ta jan su da ƙarfi.

Rana ta biyar ta binciken zuciya ce. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta cewa waƙar ikilisiya ta sa shi hawaye a farkon tubansa, amma yana ganin ya yi laifi duk lokacin da daɗin muryar ya motsa shi fiye da abin da ake faɗa. Ka tambayi kanka a wane wuri ne waƙar take taɓa ka, sannan ka duba ko kalmar da ke wurin ce ta taɓa ka ko kuwa ganga ce ta ƙara ƙarfi. Jin daɗin kiɗa ba zunubi ba ne, Zabura 150 ma ta kira kayan busa da na tsirkiya da na bugu duka su yi yabo. Sai dai a Amos 5:23 Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙin mutanen da suka watsar da adalci, saboda haka tsigar jiki da ta tashi ba ta isa shaida cewa an yi sujada ba.

A nan ne ya kamata a yi maganar lasifika. Masana lafiyar kunne sun nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 85, a ma'aunin ƙarfin sauti, tana lalata ji in aka daɗe a cikinta, kuma alamar da kowa zai iya ganewa ita ce in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ban da lafiyar jarirai da ke goye a bayan iyayensu, akwai hasara ta biyu: jama'ar da ba ta jin muryar kanta takan daina waƙa ta koma kallo. Ka lura da abin da yake faruwa in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yabo. In waƙar ta ci gaba a bakin jama'a, tasu ce. In ta mutu tare da kibod har sai an ta da janareta, to dama ta mutum biyar ce da ke kan dandamali, kuma ya kamata shugabannin mawaƙa su zauna da dattawan ikilisiya a kan wannan.

A rana ta shida ka fitar da waƙar daga majami'a ka ba ta wuri a cikin yininka. Ka haddace ta duka, har baitocin tsakiya da ake yawan tsallakewa in lokaci ya ƙure, sannan ka ɗaure ta da wani aiki da kake yi kullum, kamar shara da sassafe, wanki, tafiya gona, ko addu'ar iyali kafin a kwanta. Bulus da Sila suna kurkukun Filibi da tsakar dare, an yi musu bulala, ƙafafunsu a turu, suka yi ta addu'a da waƙa sauran 'yan sarƙa suna sauraro, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16:25 ya nuna, kuma abin da ke cikin kansu ne suka rera. Yesu da almajiransa ma sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun a daren da aka bashe shi. Wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san cewa akwai lokacin da majiyyaci ba ya iya bin doguwar addu'a, amma in aka ɗauko masa waƙar da ya koya a Makarantar Lahadi sai a ga leɓɓansa suna motsi.

Saboda haka, a cikin waƙoƙin da za ka tara mako bayan mako, ka tabbata akwai na kuka. Littafin Zabura yana cike da su: Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe, Zabura 137 ta masu zaman bauta ce a bakin kogunan Babila, Zabura 88 kuma ta ƙare a cikin duhu ba tare da an share wa mawaƙin hawaye ba. Mu da muka ga abin da ya sami 'yan'uwa a Borno da Adamawa, har hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoban 2014, da abin da ke ta faruwa a ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna, muna bukatar waƙoƙin da za su iya ɗaukar baƙin ciki. In ka je gidan makoki, ka fara da zama shiru, ka ɗauko waƙa a hankali da murya ƙasa-ƙasa, kada ka yi hanzarin kai masu makoki ga waƙar murna tun ba su gama kuka ba.

Kunnen da ya horu haka zai yi maka amfani a wajen majami'a ma. Farawa 4:21 ta ambaci Yubal a matsayin kakan masu kaɗa molo da busa sarewa, tun kafin a yi Isra'ila, wato kiɗa baiwa ce da aka ba 'yan Adam duka. Za ka iya tsayawa ka ji yadda kalangu yake kwaikwayon karin maganar Hausa har mai sauraro ya gane abin da yake faɗa, ko yadda kiɗan gayya yake daidaita saran fartanya, ka yaba gwanintar, sannan ka auna kalmomin da ma'aunin Filibiyawa 4:8 kamar yadda ka auna na waƙar sujada. Ka kuma tuna da makwabci, Musulmi ne ko Kirista, mai jinya ko mai jariri, kafin ka juya lasifika waje a daren addu'a.

A rana ta bakwai ka rera waƙar tare da wani, zai fi kyau in wanda ya girme ka ne sosai. Ka roƙi Baba ko Kaka su rera maka ita yadda aka koya musu, domin sau da yawa za ka ji wani baiti da ya ɓace ko wata lanƙwasa da ba a yi yanzu. Ka nemi izininsu ka ɗauki muryar a wayarka, ka tambaye su ko akwai irinta a harshenku na gida, ka rubuta a bayan takardarka wanda ya koya musu da garin da suka koya. Ka ajiye takardar a cikin Littafin Waƙoƙinka a daidai lambar waƙar, ranar Litinin kuma ka ɗauki sabuwar takarda da waƙa ta biyu.